Kujerar kwale-kwale: Haƙƙin masu buƙata ta musamman bai tsaya a bakin ruwa ba

A watan Janairun 2019 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanya hannu kan dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar domin a gyara gine-ginen jama'a da hanyoyin sufuri ta yadda kowa zai iya shiga, ta kuma sanya tashoshin jiragen ruwa cikin wuraren da gyaran ya shafa. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka ɗauko maganar, abin da ake ambato shi ne matattakalar ma'aikatu da na'urar hawa bene da ƙofar motar bas. Waɗannan duk lamurran birni ne. Ga mutumin Yawuri ko Ngaski ko Borgu ko Patigi, ko mazaunin tsibiran Tafkin Chadi, kwale-kwale shi ne motar haya, shi ne kuma abin neman abinci, amma alƙawarin da doka ta yi bai taɓa isa gaɓar kogi ba.

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwalen fito ya san wurin zamansa. Katako ne guda da aka gitta daga gefe zuwa gefe, faɗinsa bai fi taƙi ɗaya ba, babu majingini, babu abin dafawa. Matuƙi yakan zauna a ƙarshen jirgi a kan guntun katako, ko ya tsaya da gora a hannu yana tokarar ƙasa. An yi wannan tsari ne domin jiki mai lafiya, wanda ƙafa biyu ke tokare shi, ƙugu da baya kuma ke daidaita shi duk lokacin da igiyar ruwa ta kaɗa jirgi. Mai lafiya ba ya ma sanin yana wannan aiki. Wanda shan inna ta shanye wa ƙafafu, ko wanda haɗarin mota ya taɓa masa lakar baya, ko masuncin da saran maciji ko ciwon sukari ya sa aka yanke masa ƙafa, shi ya san cewa katakon nan ba wurin zamansa ba ne. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauke shi kamar kaya a ajiye a ƙasan jirgi, cikin ruwan da ke tsatsowa, tsakanin buhuna da awaki.

Abin takaicin shi ne tuƙi na cikin ayyukan da suka fi dacewa da irin waɗannan mutane. Aikin hannu ne da kafaɗa. Matashin da ya shekara goma yana murza keken guragu da hannu a titunan Kano ko Birnin Kebbi yana da damtsen da mai ƙafa biyu zai yi sha'awa. Abin da ya hana shi tuƙi ƙaramin abu ne da ido ba ya gani: idan matuƙi ya tsoma filafili ya ja, ƙarfin yana bi ta gangar jikinsa ya sauka a tafin ƙafarsa, ƙafar ta tura jirgi gaba. In babu ƙafar da za ta tokare, maimakon jirgi ya tafi, sai mutumin ya zame daga mazauninsa ko ya rinjayi gefe. Ke nan aikin kujera shi ne ta maye gurbin ƙafa da ƙugu, ta riƙe jiki wuri ɗaya domin ƙarfin hannu ya isa jirgi. Da zarar an fahimci wannan, sauran magana ta zama ta kafinta da mai walda da likitan ƙashi.

Ilimin yin hakan ya riga ya samu, kuma fagen wasanni ne ya tace shi. An fara tseren kwale-kwale na naƙasassu a gasar Paralympics ta birnin Rio a 2016, tseren mita 200, aka kuma raba 'yan wasa aji uku bisa abin da jikinsu ke iyawa. Ajin KL1 na waɗanda ƙafafunsu ba sa aiki, gangar jikinsu ma da ƙyar take riƙe kanta, saboda haka sukan buƙaci kujera mai dogon majingini. Ajin KL2 na waɗanda ke iya zama a miƙe da ɗan sauran ƙarfin ƙugu da ƙafa. Ajin KL3 kuwa na waɗanda gangar jikinsu lafiya take, suna kuma iya tokarawa da aƙalla ƙafa ɗaya ko ƙafar roba. A gasar Tokyo aka ƙara wani nau'in jirgi da ake kira va'a, wanda asalinsa na mutanen tsibiran tekun Pasifik ne: siririn kwale-kwale da aka ɗaura wa ƙaramin gungume a gefe guda da sanduna biyu domin ya hana shi kifewa. Curtis McGrath, sojan Ostireliya da nakiya ta cire wa ƙafafu biyu a Afganistan a 2012, ya ci zinare a Rio bayan shekara huɗu kacal. A Satumban 2024 Brahim Guendouz na Aljeriya ya ci zinare a ajin KL3 a gasar Paris, abin da ya nuna cewa wasan ba na Turawa kaɗai ba ne.

Darasin da ke cikin wannan rabe-raben aji ya fi lambobin yabo muhimmanci. Naƙasa ba iri ɗaya ba ce, don haka kujera ɗaya ba za ta yi wa kowa ba. Wannan ne kuskuren da aka sha tafkawa da keken guragu, inda ake sayo ɗaruruwa masu girma ɗaya a raba a gaban 'yan jarida, bayan wata uku a tarar da rabinsu a jingine saboda ba su dace da jikin masu su ba, ba kuma su dace da rairayi da kwazazzabai ba. A ƙasa, kujerar da ba ta dace ba takan jawo wahala. A kan ruwa tana iya jawo mutuwa.

Abu na farko da mai ƙira zai lura da shi shi ne tsayin mazauni. Kwale-kwale yana zama daram ne idan nauyi ya yi ƙasa. Kowane ɗan ƙarin tsayi da aka yi wa kujera yana ba matuƙi damar miƙa filafili da kyau, amma yana ƙara wa jirgi saurin rinjaya. Ga wanda ya rasa ƙafafu biyu lamarin ya fi tsanani, domin nauyin da ya saba zama a ƙasa da gaba ya tafi, ragowar nauyinsa duk ya koma sama da baya. Wanda ya rasa ƙafa ɗaya kuwa jirginsa zai riƙa karkata gefe, sai an daidaita shi da ɗan nauyi ko an gusar da kujerar. Shi ya sa ɗora keken guragu sukutum a cikin kwale-kwale da mai shi a kai, kamar yadda wasu masu tausayi ke yi, babban ganganci ne. Keken yana da tsawo, yana da tayoyi, yana da nauyin ƙarfe. Wurinsa daban, wurin mai shi daban.

Na biyu shi ne siffar mazaunin. Idan aka ɗan kwantar da shi baya ta yadda gwiwa za ta ɗan ɗara ƙugu tsayi, jiki ba ya zamewa gaba. Majingini ya kamata ya tsaya daidai inda ikon mutum a kan jikinsa ya ƙare. In ya gaza, mutum ya faɗi baya. In ya zarce, ya tare kafaɗa ya hana juyawar da tuƙi ke buƙata. Wanda ba ya iya riƙe kansa ta gefe yana buƙatar fikafikai biyu masu laushi da za su tallafe haƙarƙarinsa, ƙasa da hammata, ba tare da sun matse numfashi ba. Akwai kuma buƙatar matokari a gaba, ko na tafin ƙafa ko na dungulmin da ya rage, da abin da zai hana ƙafar da ba ta motsi karkacewa ta maƙale a ƙarƙashin katako. Duk waɗannan sai an gwada su a jikin mai kujerar. Babu ma'aunin da za a aiko daga ofis.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne fata. Mutumin da lakar bayansa ta taɓu sau da yawa ba ya jin zafi daga ƙugu zuwa ƙasa. Mai lafiya yakan gyara zama ba tare da ya sani ba da zarar katako ya dame shi. Shi kuwa wannan zai zauna sa'o'i a kan tsinin ƙusa ko ƙarfen da rana ta gasa bai sani ba. Jini ya daina gudana a inda ƙashi ya danne nama, fatar da ta jiƙe ta yi laushi, gyambo ya buɗe. Gyambon zama yakan kwantar da mutum watanni, idan kuma ƙwayoyin cuta suka shige shi yana iya kisa, ga shi ruwan kogi ba mai tsabta ba ne. Saboda haka sosan katifa na gama-gari bai dace ba, domin yana shan ruwa ya riƙe danshi. Abin da ake so shi ne irin soson roba mai toshewar ƙofofi, wanda ba ya shan ruwa, irin wanda ake yin silifa da rigar kariya da shi. A bar ƙofar da ruwa zai tsiyaye, a goge duk wani kaifi, a rufe duk wani ƙarfe.

Sai maganar ɗauri, inda kyakkyawar niyya ta fi saurin zama masifa. Uwar da za ta ƙetare kogi da ɗanta gurgu, abin da zai fara zo mata shi ne ta ɗaure shi da zane ko igiya a jikin katako kada ya faɗa ruwa. A mota wannan daidai ne. A kwale-kwale, wanda aka ɗaure yakan tafi tare da jirgi idan ya kife, kansa a ƙasa, babu mai iya kwance ƙulli a cikin ruwa mai duhu. Dokokin tseren naƙasassu sun tanadi cewa duk maɗaurin da zai haɗa ɗan wasa da jirgi dole ya zama mai saki nan take. Kujerar kirki takan riƙe mutum da siffarta, ta kuma sake shi da kanta idan jirgi ya juya. Inda ɗauri ya zama tilas, to ya kasance mai ɓarewa da fisga ɗaya, da hannun da mai shi ya fi iya amfani da shi, kuma ya gwada cire shi sau da yawa a ruwa marar zurfi, da mutane tsaye a gefensa, kafin ya nufi tsakiyar kogi. Rigar kariya ma sai an auna ta tare da kujerar, domin mai kaurin baya takan ture mutum gaba daga majingini. Wanda ba ya iya harba ƙafa a ruwa yana buƙatar irin rigar da ke juyar da fuska sama da kanta.

Ko kujera ta yi kyau, sai an kai gare ta. Yawancin mashigan fito a ƙasar nan gangare ne na taɓo ko rairayi, inda keke ba ya tafiya, jirgi kuma yana rawa yayin da ake shiga. Dakalin katako mai faɗi da ya yi daidai da bakin jirgi, da allo mai santsi da mutum zai zame a kai daga keke zuwa kujera, da turaku biyu da za a ɗaure jirgi gaba da baya, sun isa su raba mutum da wulaƙancin a ɗauke shi a kafaɗa. Ga mace wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wace mace ce za ta so maza baƙi su riƙa sungumarta duk ranar kasuwa? Da yawa sukan gwammace su haƙura da tafiyar, ko da asibiti ne. Dakalin nan kuwa tsoho da mai juna biyu da marar lafiya duk za su amfana da shi.

Za a iya cewa wannan magana ta yi wuri. Ƙasar da jirage ke kifewa da mutane masu lafiya ɗari-ɗari, ina ta ga ta kujerar gurgu? Tambayar tana da nauyi. A Mayun 2021 jirgin da ya nufi Warrah a jihar Kebbi ya nutse da mutane masu yawan gaske. A ƙarshen Nuwamban shekarar ɗaliban Islamiyya suka halaka a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga ɗaurin aure. A Oktoban 2024 aka sake yin irin haka a Gbajibo. Amma idan aka duba abin da ake ta ambato a matsayin sababin waɗannan haɗurra, wato lodi fiye da ƙima da rashin rigar kariya da tafiyar dare da tsofaffin jirage, za a ga cewa tushensu ɗaya da na katakon da ba shi da majingini: babu wanda ya zauna ya tsara yadda ɗan Adam zai zauna a cikin jirgin. Jirgin da aka ƙayyade masa wuraren zama jirgi ne da aka san yawan mutanen da zai ɗauka. Mashigin da ke da dakali mashigi ne da jami'i zai iya tsayawa ya ƙirga. Kuma a ranar da jirgi ya kife, ko ambaliya ta ci gari kamar yadda ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, wanda ba ya iya gudu ko iyo shi ne ya fi kowa shiga haɗari. Jiragen ceto su suka fi cancanta a fara sanya wa irin wannan kujera.

Masu aikin suna nan a gida. A Kano, waɗanda suka tsira daga shan inna sun daɗe suna ƙera kekunan hannu da kansu a shagunan walda, kuma sun fi kowane injiniya sanin inda ƙarfe ke cin jiki. Masassaƙa jirage na Yawuri da gaɓar Kainji da Binuwai sun san yadda katako ke zama a ruwa. Asibitin Ƙashi na Dala yana da masu haɗa ƙafar roba da masu gashin ƙashi da suka san auna jiki. A New Bussa akwai cibiyar binciken kifi ta ƙasa da kwalejin koyar da sana'ar su, duka a gefen tafkin Kainji. Abin da ya rage shi ne a tara su wuri ɗaya, tare da masunta da matuƙa masu naƙasa waɗanda za su zauna a kujerar, a fito da samfuri biyu ko uku da za a iya ɗorawa a cire daga kwale-kwalen katako, waɗanda kafintan ƙauye zai iya kwaikwayo ya kuma gyara. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne ginshiƙi. Kujerar da aka shigo da ita daga Turai, wadda ƙusarta guda in ta ɓace sai an yi odarta, ƙarshenta ɗakin ajiya. Haka kuma dabarar va'a, ta ɗaura gungume a gefe, abu ne da za a iya gwadawa da gora ko bututun roba a kan ƙananan jiragen su a ruwan da ba ya gudu sosai.

Alhakin ya rataya a kan hukumomi sanannu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ita ke yi wa jirage rajista da shimfiɗa ƙa'idojin sufuri a koguna. Ya kamata ta sanya wurin zama mai majingini aƙalla guda cikin sharuɗɗan jiragen fasinja, ta fara da waɗanda gwamnati ke saye da kuɗin jama'a. Duk jirgin da gwamnatin jiha ko hukumar HYPPADEC za ta raba wa ƙauyukan bakin ruwa, a rubuta wannan sharaɗi a takardar kwangila tun kafin a sare katako, domin gyara daga baya ya fi tsada. Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ita ce mai bin kadin dokar 2019, kuma lokaci ya yi da jami'anta za su fita daga Abuja su ga mashigan ruwa da idonsu. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, yarjejeniyar da ta ƙunshi sufuri da aikin yi da wasanni. Sai dai kada a mayar da ƙa'idar wata sabuwar hanyar karɓar kuɗi daga 'yan fito, waɗanda yawancinsu talakawa ne. A fara da ba su samfuri da horo ta hannun sarakunan ruwa da ƙungiyoyinsu, tara ta biyo baya.

Ɓangaren wasanni ma yana da abin yi, kuma yana da dalilin son kai na yin sa. A gasar Olympics ta Paris a 2024 Najeriya ta dawo hannu rabbana, 'yan wasanta naƙasassu kuwa suka dawo da lambobi bakwai, biyu daga ciki na zinare. Tafkin Jabi da ke Abuja ya karɓi gasar Afirka ta neman gurbin Olympics a tseren kwale-kwale a Nuwamban 2023, inda Ayomide Bello da Beauty Otuedo suka samu tikitin zuwa Paris. Ruwa yana nan, masu horarwa suna nan, matasa masu ƙarfin damtse sun cika tashoshin mota suna bara. Ƙasar da guragunta suka ƙirƙiro ƙwallon da ake bugawa da hannu a kan allo mai tayoyi ba za ta rasa matuƙa ba idan aka ajiye jirage kaɗan masu kujerar da ta dace a Jabi da Tiga da Kainji.

Bukukuwan gargajiya na iya riga gwamnati. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, yana da tseren kwale-kwale cikin wasannin Kabanci a kogin Matan Fada. Yawuri tana da bikin Rigata. Idan masarautun biyu suka ware zagaye guda na matuƙa masu naƙasa, suka sanar da shi shekara guda kafin biki, suka kuma sa kyauta ga matuƙin da ya zo na ɗaya da kafintan da ya ƙera kujerarsa, masassaƙan Kabi da Yawuri za su sami dalilin fara gwaji tun daga rani mai zuwa, lokacin da ruwa ya ja baya kuma gwajin kifewa ya fi sauƙi.